Rabin Ƙwaya a Hanyar Abuja

Da sanyin safiya ne a wata tashar mota a Jos. Bas ɗin Abuja na lodi, saura mutum uku. Alhaji Bakano, dillalin dankalin turawa a Faringada, ya leƙa kemis ɗin bakin tasha, hannunsa dafe da aljihu kamar kullum.

ALHAJI: Dakta, maganin aman mota nake so. Amma mai araha, don aman nawa ba shi da yawa.

DAKTA: Ga Avomine, ga Stugeron. Yaushe za ku tashi?

ALHAJI: Da ta cika.

DAKTA: Ai ka makara, Alhaji. Avomine in tafiyar mai nisa ce tun daren jiya ake shan ƙwaya 1. In an matsu, awa 1 zuwa 2 kafin a hau. Stugeron ma sai da awa 2. Haɗiye yanzu, ka yi addu'a fasinja su yi nawa.

ALHAJI: In sha tun ban ji komai ba? To in na sha aman bai zo ba, wa zai biya ni kuɗina?

DAKTA: Ai don kada ya zo ake sha.

ALHAJI: To ta yaya zan san da ma zai zo? Wannan ai sayen kifi ne a ruwa. Bari sai ya taso, in jefa masa ita, su daidaita.

DAKTA: In ya taso tare za su fito, ka gan ta a leda ko narkewa ba ta yi ba. Kuma tsaya, fitsari na yi maka gardama? Ko kana da hawan jinin ido? In da ɗaya, ba naka ba ne sai ka ga likita.

ALHAJI: Ni ba abin da ke min gardama sai masu bashi. Ba ni ɗaya. Ba kati ba, ƙwaya.

DAKTA: Tana sa barci sosai, ga bushewar baki. Wanda zai yi tuƙi kada ya kusance ta. Yara ƙanana ma ba a ba su.

Wannan dai Alhaji bai ji ba, yana lissafin canji. Ya fito, ya sa haƙori ya raba ƙwayar biyu, ya ƙulle rabi a bakin hula. Ɗayan rabin kuwa, ya ga direba na ta atishawa a gindin mota, sai suka keɓe suka yi ƙus-ƙus.

An cika, an tashi. Alhaji ya ƙi ƙara ko sisi a ba shi gidan gaba, yana can kujerar ƙarshe tsakanin wata Iya da wani Ɗan Boko mai tabarau, ya kuma duƙufa a waya yana duba farashin buhu. Ana wuce Bukuru ya fara haɗiyar yawu.

IYA: Ɗan nan, lafiya? Na ga fuskarka ta yi fari.

ALHAJI: Lafiya lau, Iya. Tunanin kasuwa ne.

IYA: To yi tunanin ta can gefen, zanena sabo ne. Ungo citta ka tauna. Da ita muka yi Makka a jirgi muka dawo.

ƊAN BOKO: Cittar na ɗan taimakawa, amma ajiye wayar nan, Alhaji. Can cikin kunne akwai abin da ke auna motsi, yana gaya wa ƙwaƙwalwa ana gudu ana lanƙwasa. Ido kuma yana kan waya, yana cewa a zaune muke. Shaidu biyu sun saɓa, sai ciki ya biya tara. Ɗaga kai ka dubi duwatsun can nesa, ka zuge gilas.

ALHAJI: Wato kunne da ido ke faɗa, ni ake duka.

ƊAN BOKO: Maganin da ake sha ma asalinsa dangin Piriton ne, na ƙaiƙayi da atishawa. A 1947 a Amurka aka ba wata mata irinsa don borin jini, ta dawo ta ce aman motar da ke damunta ma ya tafi. Sai dai masu sa barcin ne ke wannan aikin, su loratadine ba sa yi.

ALHAJI: Yawwa! Ashe ban cuci direba ba da na ce masa yana maganin atishawa.

Bas ta yi tsit.

ƊAN BOKO: Wane direba?

ALHAJI: Namu mana. Na sayar masa rabi, na mai da kuɗina har da 'yar riba.

IYA: Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Ga Hawan Kibo a gabanmu! Ni 'yasu, ko wasiyya ban bari ba!

ƊAN BOKO: Direba! Direba, faka! Ka sha ƙwayar nan?

DIREBA: Wace ƙwaya?

IYA: Kun ji ko? Har ya fara mantuwa!

DIREBA: Haba Iya, ni yaro ne? Tun ina karen mota na san Avomine. Mai riƙe sitiyari a gangaren Kibo goro yake ci. Na karɓa ne don Alhaji ya sake mini riga, na miƙa wa Ɗanliti tunda shi ma murar yake.

Aka waiwaya. Ɗanliti yaron mota ya jingina da ƙofa, baki buɗe, minshari har yana danne ƙarar inji.

IYA: Alhamdulillahi. Allah ya yi maka albarka, direba. Kai kuma Alhaji, Allah ya shirya.

ALHAJI: Tsaya tukuna. Canjina na naira 200 yana hannun yaron nan. Kai Ɗanliti! Ɗanliti!

DIREBA: Ai ya kwanta a kan aljihun. Wannan ko Akwanga ba zai gani ba, sai dai mu gwada shi a Keffi.

ALHAJI: Dakta bai ce rabi ma na kayar da mutum haka ba!

DIREBA: Rabi a kan wanda ya kwana yana wanke mota, bai karya ba.

Mota ta shiga kwanar farko ta Kibo. Alhaji ya damƙi kujerar gaba, gumi ya keto masa duk da sanyi.

ƊAN BOKO: Ina naka rabin? Ko da yake yanzu kam ba zai cece ka ba.

ALHAJI: In sha in yi barci, yaron nan ya farka ya sauka da kuɗina a Mararraba? Iya, ara mini ledar nan.

IYA: Naira 200 ce.