Yadda Makbet Ya Ci Yaƙi a Littafina

Malamarmu ta adabin Turanci ba ta yarda da maganar fatar baki ba. A makon farko na zango ta raba mana takarda guda, rubutu gaba da baya, ta ce kowa ya manna ta a cikin bangon littafin rubutunsa, don kada wani ya zo daga baya yana rantsuwa bai ji ba.

Ga abin da ke ciki. Karatu kowane dare: in ƙagaggen labari ne shafi 20, in wasan kwaikwayon Shekisfiya ne, tsohon marubucin nan na Ingila, layi 120 zuwa 150, don ita ma ta san Turancin da ya shekara 400 ba ya taunuwa da sauri. Bayan karatu sai kundi: kowace fitowa, wato ƙaramin yanki a cikin kashin wasa, ka rubuta mata jimla uku, wa ya yi magana, me yake nema, me ya canja tsakanin farkon fitowar da ƙarshenta. Akwai ɗan gwaji na minti 10 mai tambaya biyar, wanda ke faɗowa ba sallama. Akwai haddar layi 12 a zango. Sai uwa uba, muƙala mai kalma 800 a kan kowane littafi, maki 20: takwas na ra'ayi da yadda ka kare shi, shida na shaida daga cikin littafin, huɗu na tsari, biyu na lambobin layi da tsabtar rubutu. Kwana ɗaya na latti, maki biyu sun tafi. Doka ta ƙarshe kuwa ta ja mata layi biyu a ƙasa: ba a karanta taƙaitawar intanet kafin a gama littafi.

Kuma tana da dabarar kama masu yi. Taƙaitawa tana ba ka manyan abubuwa ne, wa ya kashe wa, wa ya hau mulki. Ita kuwa sai ta tambayi ƙananan: a wasan Makbet, makasa nawa suka tare abokinsa Banko a hanya? Uku. Me matar Makbet ta ba da umarni kada a raba ta da shi da dare? Fitila. Wanda ya karanta da idonsa ba sai ya yi tunani ba, wanda ya leƙa waya sai ka ga yana kallon rufin aji yana motsa baki.

Littafin zangon shi ne Makbet, mafi gajarta a cikin wasannin baƙin ciki na Shekisfiya, kashi biyar, an rubuta shi wajen 1606. Ni ban sayi sabo ba, na Yayana na gada. Irin bugun makaranta ne, wasan a shafin dama, bayanin kalmomi masu wuya a shafin hagu. Ya sha hannu, an ɗaure gadon bayansa da salatif, amma bangon gaba da na baya duk suna nan. Wannan bangon na baya ku riƙe shi a ranku.

Na yi karatu tsakani da Allah, yadda Malama ta koyar. Zagaye na farko da murya, kana tsayawa a inda aya ko waƙafi yake, ba a ƙarshen layi ba, domin jimlar Shekisfiya kan tsallaka layi uku kafin ta sauka, wanda ya tsaya a ƙarshen kowane layi kuwa zai ji sauti amma ma'ana ta wuce shi. Zagaye na biyu a hankali, ido ɗaya a shafin hagu. Zagaye na uku da fensir: J a gefen duk inda aka ambaci jini, B a inda aka ambaci barci, D a inda duhu ya fito. Kalmar jini da danginta sun fito fiye da sau 40, don haka gefen littafina ya cika da J. Amfanin wannan sai ranar muƙala, lokacin da kake neman shaida: maimakon ka sake karanta wasan, sai ka bi harafinka. Har ƙirgar gaɓa na iya. Manyan mutane a wasan suna magana da layi mai gaɓa 10 da bugu biyar, mayu uku da ke cikin wasan layinsu ya fi gajarta kuma yana da amsa-amo, mai gadin ƙofa mashayi da zube yake magana, haka matar Makbet lokacin da take yawo cikin barci tana wanke hannu. Malama ta ce duk inda babban mutum ya sauka daga waƙa zuwa zube, ka tsaya ka tambayi abin da ya same shi.

Mun yi kashi na ɗaya zuwa na huɗu tare a aji, sai hutun tsakiyar zango ya zo. Aikin gida: a karanta kashi na biyar, a rubuta muƙala a kan tambayar "Shin an yi adalci a ƙarshen wasan?" Da gangan ta ba mu kafin mu tattauna, don ta ga tunanin kowa tun bai gauraya da na maƙwabcinsa ba.

To, wanda bai san labarin ba: Makbet sarkin yaƙi ne a Sikotilan, mayu suka yi masa albishir da sarauta, matarsa ta zuga shi ya kashe Sarki Dankan yana baƙo a gidansa, ya hau gado. Daga nan ya sa aka kashe abokinsa Banko, ya sa aka kashe matar wani basarake mai suna Makdaf da 'ya'yansa. A kashi na huɗu mayun suka nuna masa abubuwa uku: ya yi hattara da Makdaf, babu wanda mace ta haifa da zai cutar da shi, kuma ba za a ci shi da yaƙi ba sai dajin Banam ya taso ya zo tudun Dansinen. A kashi na biyar matarsa ta mutu, sojojin Malkam ɗan Dankan suka saro rassan itatuwa suka ɓuya a bayansu suna tahowa. A fitowa ta bakwai wani saurayi, ɗan Siwad jagoran sojojin Ingila da ke taya Malkam, ya tare Makbet, Makbet ya kashe shi, ya ce shi dariya yake yi wa duk takobin da ke hannun wanda mace ta haifa, ya fice. Na juya shafi, sai bango.

Na daɗe zaune. Na ce lallai ba banza ake yabon mutumin nan ba. Wa zai yi tsammanin azzalumi zai kashe kowa ya fita yana dariya? Hannuna ya kai kan waya, na tuna layi biyun nan na ƙasan doka, na janye.

Muƙalar da na rubuta ban taɓa gina irinta ba. Gabatarwa kalma 100, jimlar ƙarshe ɗauke da ra'ayina ƙarara: ba a yi adalci ba, kuma da gangan marubucin ya hana. Sakin layi uku na tsakiya, kowanne wajen kalma 200, kowanne a kan tsarin da aka koya mana, wato ka faɗi magana, ka kawo shaida gajera daga littafi da lambarta, ka kashe jimla biyu ko uku kana bayanin yadda shaidar ta tabbatar da maganar. A nan ɗalibai suka fi zubar da maki: su kwaso layi shida su jibge, su wuce ba bayani, ko su koma ba da labarin wasan ga malamar da ta fi su saninsa. Ni ban yi ko ɗaya ba. Na farko a kan jinin da aka zubar ba a biya ba. Na biyu a kan matar, wadda ta ɗauki hukuncin mutum biyu ita kaɗai. Na uku a kan dariyar ƙarshe. Kowace shaida da lambarta, kashi, fitowa, layi, an raba da ɗigo. Har tarihi na sa don ƙarin armashi: Sarki Jemis na Sikotilan ya hau gadon Ingila a 1603, a 1605 aka bankaɗo makircin tarwatsa majalisa da albarushi yana ciki, amma duk da haka, in ji ni, Shekisfiya ya yi ta maza ya bar mai kisan sarki ya ci bulus.

Ranar mayar da takardu ta raba wa kowa tasa, ta riƙe guda. Ta gyara tabarau ta ce akwai muƙalar da take so aji ya ji. Na gyara zama, na ɗan sunkuyar da kai irin na mai kunyar yabo. Ta karanta gabatarwa, aji tsit. Ta shiga sakin layi na uku, sai na ji wani a baya ya shaƙe. Da ta kai kan "ya ci bulus" aji ya fashe, har wanda ko bangon littafin bai taɓa buɗewa ba yana dukan tebur.

"Taso da littafinka," in ji ta.

Na kai. Ta buɗe daga baya, ta ɗaga salatif da farce, ga guntayen takarda a jikin ɗinki.

"Makdaf fa, ina ka baro shi?"

"Malama, ai tunda aka kashe masa iyali na ɗauka ya haƙura."

Sai da ta juya ta fuskanci allo na ɗan lokaci, kafaɗunta na rawa. Sannan ta sa wata ɗaliba ta karanta mini abin da ya rage. Makdaf ya riski Makbet, ya gaya masa shi ba haihuwarsa aka yi ba, farke cikin uwarsa aka yi aka ciro shi tun lokaci bai yi ba. Suka gwabza, Makdaf ya dawo da kan Makbet a hannu, aka yi wa Malkam mubaya'a. Ashe mutumin da na yi wa kalma 800 a kan ya tsira, ganye biyu gaba ko kai ba shi da shi.

Abin haushin, ta mai da ni darasi, kuma darasin mai kyau ne. Ta ce ko da shafukan sun ɓace, mai karatu da lura zai ji wasan bai ƙare ba. Gargaɗi uku aka yi. Na daji ya riga ya cika ta hanyar da ba a zata ba, wannan kaɗai ya isa ya sa ka zargi na biyun, cewa shi ma akwai ƙofa a bayansa. Na Makdaf kuwa ba a taɓa shi ba sam, kuma marubucin wasa ba ya ɗaukar alkawari a kashi na huɗu ya mance da shi a na biyar. Ga kuma sunan wasan a shafin farko, an rubuta na baƙin ciki ne, irin wanda babban tauraro ke halaka. Ta ce daga yau a ƙara jimla ta huɗu a kundi: wane alkawari ne har yanzu ba a cika ba? Duk aji suka juyo suna harara ta, don na jawo musu ƙarin aiki.

Na samu 10 cikin 20. Tsari huɗu cif, shaida huɗu, lambobi biyu, ra'ayi sifiri. A ƙasa da jan biro ta rubuta cewa ba ta taɓa ganin gini mai kyau haka a kan rami ba, in sake rubutawa kafin Litinin.

Ban tafi haka nan ba, na je na yi bincike na dawo da hujja biyu. Ta farko, Makbet na gaskiya ya mulki Sikotilan daga 1040 zuwa 1057, shekara 17 cur. Ta ce haka ne, in ƙarasa. Na ce a 1057 aka kashe shi a yaƙi da Malkam. Ta ce madalla. Ta biyu, a bugun farko na 1623, wanda aka yi shekara bakwai bayan mutuwar Shekisfiya, kashi na biyar a fitowa ta bakwai ya ƙare, kamar dai nawa. Ta ce wannan ma gaskiya ne, masu gyaran bugu ne daga baya suka yanka ta bakwai ɗin gida-gida, amma in je in duba, yanke kan yana cikinta.

Da yamma na tare Yaya da littafin a buɗe.

"Yaya, ina ƙarshen wasan nan?"

Ya karɓa ya jujjuya. "Au, ai ni na cire, ana gobe jarrabawa, don in riƙa dubawa a hanya. Kai ma dai, wa bai san an kashe shi ba?"

Don sake rubutu na ari littafin wata 'yar ajinmu ta gaba, bugun wani kamfani daban. Na rushe ra'ayi, na bar ginin, na juya kowane sakin layi ya fuskanci ɗaya gefen. Alamomin J ɗina suka yi rana, domin jinin da na ce ba a biya ba shi ne yanzu shaidar cewa an biya. Na samu 16. Biyu daga cikin huɗun da suka zube na lambobi ne. Littafin aron ya raba ƙarshen zuwa fitowa ta takwas da ta tara, na Malama a ta takwas ya tsaya, don haka duk inda na rubuta 5.9 ta zagaye da ja. Shaidar da na ɗauko daga fitowar yawon barci ma ta goce da layi uku, saboda zube ba shi da tsayayyen layi, faɗin shafin kowane bugu ne ke yanka shi, shi ya sa ake so ka rubuta sunan bugun da ka yi aiki da shi a saman takarda. A gefen 5.9 ta ƙarshe ta rubuta: "Wancan karon ka rage masa fitowa, wannan karon ka ƙara masa."