Kalmar "shayi" ba daga "sha" ta fito ba

Jama'a, akwai bayanin da ke yawo cewa wai an ce "shayi" ne don ana shan sa. Kunne ya yarda, tarihi bai yarda ba.

Asalin kalmar daga Sin take. Rubutunta ɗaya ne a wurinsu, furucin ne ya rabu biyu. Mafi yawansu "ca" suke cewa, mutanen gaɓar teku na lardin Fujian kuma "te". Duk wanda ganyen ya isa gare shi, ya karɓe shi da sunan da mai sayarwa ya kira shi. Ayarin fatake ta tudu suka kai "ca" Farisa (Iran ta yau) ta zama "cay", daga nan Turkawa, Rashawa da mutanen Indiya suka ɗauka. 'Yan kasuwar Holan, waɗanda suka fara shigar da ganyen Turai wajajen 1610, daga bakin masu cewa "te" suka ji sunan, shi ya sa Faransa, Jamus da Ingila suka bi wannan reshe. Fotugal ce ta fita zakka, domin ta Makawo, wata tashar jiragen ruwa a kudancin Sin, ta riƙa cinikinta tun 1557, can kuwa "ca" ake cewa.

Ga hujjar da ta fi ƙarfi a ganina. Larabcin asali ba shi da sautin "c", don haka Larabawa suka mayar da "cay" ta koma "shay". Mu kuwa muna da "c" a ci, cika, ciki. Da kai tsaye muka karɓo daga Farisa ko Indiya, "cayi" za mu ce, kamar yadda masu Suwahili ke cewa "cai". Wannan "sh" ɗin shi ne tambarin da ke nuna ta hannun Larabawa ta biyo. Wasalin ƙarshe kuma namu ne, tunda Hausa ta fi son kalma ta ƙare da wasali. Daga baya Turawan mulki suka kawo mana "ti", ka ga rassan biyu sun haɗu a baki ɗaya.

Ma'ana ma tana tafiya. A Kenya da Tanzaniya "cai" na iya nufin cin hanci, a arewacin Ingila kuma sunan shayi ake kiran abincin yamma da shi.

Inda mutane suka fi faɗawa rami shi ne kamannin rubutu. Muna da shayi na kaciya, muna da na "ba ya shayin kowa". Rubutun boko ba ya nuna karin sauti, sai mai karatu ya ɗauka dangin juna ne da na sha, alhali babu abin da ya haɗa su da Sin. Don Allah kafin ka ce kalma daga wuri kaza ta fito, nemo tsohuwar sigarta, ka duba wane sauti ya canza da dalilin canzawarsa, sannan ka nuna hanyar ciniki, addini ko mulki da ta bi har ta iso.