Wi-Fi ɗin da ke kama waya ya hana ta aiki

Kamfanin da nake biyan kuɗin intanet a wurinsa ya yi alkawarin cewa duk mai rajista da shi zai riƙa amfani da Wi-Fi ɗinsa a tashoshi, filayen jiragen sama da manyan tituna ba tare da ƙarin kuɗi ba. Maganar ta yi daɗin ji, amma wahalar da ke cikinta ta ishe ni.

Da zarar waya ta shiga layin sau ɗaya, sai ta riƙe sunansa, kuma duk inda ta sake cin karo da shi sai ta watsar da datar da ke aiki lafiya ta manne masa, ko da ƙarfinsa bai wuce sanda ɗaya ba. Jiya ina tsakiyar tura wata takarda mai muhimmanci saƙon ya tsaya cak, alamar Wi-Fi tana nan a saman allo, amma babu abin da ke shiga ko fita, domin shafin da ake rubuta suna da kalmar sirri ya ƙi buɗewa.

Abin da ya fi damuna shi ne yawancin irin waɗannan layuka a buɗe suke, kuma ɓata-gari yana iya kafa layin bogi mai suna iri ɗaya, waya ta faɗa masa ba tare da ta tambayi mai ita ba. Kamfanin bai taɓa gargaɗinmu a kan haka ba. Dole ta sa na shiga saitin wayata na goge layin gaba ɗaya, alhali kuɗinsa yana cikin abin da nake biya kowane wata.