Ga 'Yan'uwana Masu Jin Haushin Teen Titans

Assalamu alaikum, 'yan'uwa masu karatun komik. Kwanan baya wani ƙanena ya gama karanta Teen Titans na 2011, komik ɗin kamfanin DC a kan wata ƙungiyar matasan jarumai, ya zo min rai a ɓace, har da tsine wa marubucin. Na san da yawanku haka kuka ji, shi ya sa nake so mu yi magana.

Haushinku yana da dalili, ban musa ba. Yawancinmu ta katun ɗin Cartoon Network na 2003 muka san wannan ƙungiya: Robin da Starfire da Raven da Cyborg da Beast Boy, yara biyar a gida ɗaya, yau faɗa gobe shiri. Tushen katun ɗin kuwa shi ne The New Teen Titans da Marv Wolfman da George Pérez suka fara a Amurka a 1980. A can ne, cikin 1984, Terra, wata yarinya da ta shiga ƙungiyar, ta ci amanar abokanta, Dick Grayson kuma ya tuɓe rigar Robin ya zama Nightwing. Zumuncin da ke tsakaninsu ne ya riƙe mu, zumuncin da aka yi shekaru ana ginawa.

Sai ga shi a Satumban 2011 kamfanin DC ya share tarihin jarumansa, ya fito da mujallu 52, kowacce daga lamba ta 1. Cyborg aka ɗauke shi aka kai Justice League, ƙungiyar manyan jarumai. Wally West da Donna Troy, tsofaffin 'yan Titans, suka yi ɓatan dabo. Starfire kuma aka mayar da ita zuwa wata mujalla, aka nuna ko tsofaffin abokanta ba ta tunawa, wannan ce ta fi yi min ciwo. Tim Drake, wanda shi ma ya sa rigar Robin bayan Dick Grayson, ya tara sababbin yara da sunan Titans, amma ba ka jin sun taɓa cin abinci a kwano ɗaya.

Duk da haka, don Allah ku kame bakinku. Marubucin nan mutum ne, yana da iyaye da iyali, kuma shawarar goge tarihin daga shugabannin kamfani ta fito. Faɗi abin da ya lalace a labarin, kawo hujja, wannan shi ne suka. Tsinuwa da zagin uwa a intanet alhaki ne kawai kake ɗaukar wa kanka a kan zanen takarda. Haka kuma wanda ya fara karatu da wannan sabon salo kuma yake sonsa, kada ku raina shi. Ta nan ya shigo, kamar yadda muka shigo ta katun.

Abin da ya fi ba ni mamaki shi ne mai zagi kuma yana saye, wata bayan wata, wai don kada jerinsa ya yanke. Kuɗinka da lokacinka fa? Kamfani ciniki yake dubawa. In abu bai yi maka ba, ajiye shi. Waccan mujalla ta Teen Titans ta 2011 a lamba ta 30 ta tsaya, cikin 2014, kuma a Mayun 2016 DC ya dawo da Wally West a Rebirth, wani sabon zubin labaransa, bayan shekaru masu karatu suna cigiyarsa.

Tsofaffin labaran kuma suna nan, an sake buga su a manyan kundaye. Ƙanen nawa na miƙa masa na 1980, na ce ya fara daga lamba ta 1. Yanzu ya kai inda Terra ta shigo ƙungiyar, kuma ban faɗa masa abin da ke gaba ba.