Adashen da ya fi Dangote

Kun dai san manhajar adashen nan da muke haɗa wa Hajiya, kun kuma san ni ɗan yaren kwamfuta na Java ne aka tilasta wa yaren Python saboda Oga ya ji a wani taro wai ita ake yayi. To ranar Alhamis Hajiya ta zo ofishinmu na Wuse 2 ta ga inda kuɗinta suka shiga, tare da akantanta. E, shi ɗin. Mai biro a bayan kunne.

Aka kunna majigi, na miƙe na gyara hula. Na ce, “Hajiya, kafin ki taɓa komai bari ki ga irin aikinmu. Mu ba ma sakin manhaja sai ta ci jarrabawa.” Har da ɗan tarihi na ba ta, cewa Kent Beck da Erich Gamma ne suka rubuta JUnit, kayan gwada manhajar Java, a 1997, a cikin jirgi suna tafiya taro a Amurka, kuma unittest na Python a kan tsarinsa aka gina shi. Hajiya ta ce Allah Ya saka musu da alheri. Na danna, bango ya nuna OK. Na ce, “Kin gani? Ko ɗaya bai faɗi ba.” Oga ya jinjina kai yana kallon Hajiya.

Ta ce to a gwada mata. Mata goma, zubi 5,000 kowacce, nawa ne kwasa? Na shigar, na ma juya baya ga bangon saboda yarda da kai. Shirun da na ji ne ya sa na waiga.

5000500050005000 da sauransu, har ya kai ƙarshen bango ya sauko layi na biyu.

Wanda ya san Python ya riga ya gane. Abin da aka cike a fom rubutu ne yake zuwa, ba lamba ba, kuma in ka ninka rubutu sau goma Python ba ta musu da kai, jera maka shi take yi sau goma. A Java tun wurin haɗa kod za a tare ka a ƙofa. Python kuwa ta ce bismillah.

Hajiya ta cire tabarau ta goge, ta mayar. Ta ce, “Ɗan nan, wannan kwasar mutum ɗaya ce?” Na ce ƙaramar matsala ce ta nuni. Ta ce, “A'a, bar shi, ni zan fara kwasa. Ko Dangote ya shigo adashen nan sai ya bi layi.”

Nan akanta ya tashi. Ba wanda ya aike shi. Ya zare biron nan daga bayan kunne, ya je jikin bango, inuwarsa ta rufe rabin majigin, ya fara ƙirga lambobin ɗaya bayan ɗaya da ƙarfi. Ya kai sha bakwai ya ɓata, ya koma farko. Ya kai talatin da wani abu wayarsa ta yi ƙara, ya ce wa mai kiran yana cikin muhimmin aiki, ya sake komawa farko. Mutumin da tun watan azumi yake riƙe da takardar kuɗin intanet ɗinmu wai bai samu lokacin dubawa ba, yau ya samu lokacin ƙirga lamba arba'in. Da ya gama ya juyo ya ce, “Hajiya, arba'in cif. Tiriliyan ma lamba goma sha uku ce.” Ya rubuta a littafinsa. Me zai yi da shi? Mutumin da in mun haɗu a masallacin Juma'a yake kirana Injiniya yana ɗan murmushi. Kuma kilishin Area 1 da Oga ya sayo don Hajiya, shi ya cinye fiye da rabi, ina kallonsa.

Na ce ai gwaji ya nuna OK, don haka matsalar ba daga lissafi take ba. Sai 'yar bautar ƙasar nan da aka turo mana, wadda ko gaisuwa a hankali take yi, ta ɗaga hannu kamar a aji. Ta ce, “Yaya, ɗan koma sama kaɗan.” Na koma. A saman OK ɗin an rubuta Ran 0 tests in 0.000s.

Sifili. Ba wanda ya faɗi jarrabawa saboda ba wanda ya shiga ɗakin.

Ku yi min adalci a nan. Tun JUnit 4 da ya fito a 2006, alamar @Test kake ɗora wa kowane gwaji a ka, sunan kuma ka sa wanda ka ga dama. Hannuna ya saba. Na sa musu duba_zubi, duba_kwasa, duba_ladan_uwa, sunaye masu kyau. Shi kuwa unittest har gobe yana kan tsohuwar al'adar JUnit 3, in sunan bai fara da test ba ko kallonsa ba ya yi, kuma ba ya gaya maka ya wuce shi. Sannan daga Python 3.12 ta 2023 in ba a samu gwaji ko ɗaya ba NO TESTS RAN ake rubutawa, wani kayan gwajin Python mai suna pytest ma ya daɗe yana ƙin yin shiru a kan haka. Wa ya hana mu sabuntawa daga 3.10? Oga. Ga shi nan zaune kusa da Hajiya yana kallon silin.

Na canza sunayen nan take, hannu na rawa. Na danna, ɗigo-ɗigo suka jeru, OK kuma. Wallahi sai da na ji wuyana ya dawo daidai. Na ce, “To kun gani.” Yarinyar ta sake ɗaga hannu. Na so in ce majigin ya yi zafi a kashe shi.

Ta ce, “Yaya, assertTrue ka sa, kwasa waƙafi 50000. Na biyun ba abin kwatantawa ba ne, saƙon da za a nuna ne in gwajin ya faɗi. Tambayarsa kawai ko kwasa ba fanko ba ce.” Lamba arba'in kuwa ai ba fanko ba ce. Hajiya ta ce, “Yarinyar nan 'yar ina ce?” Aka ce Jos. Ta ce ta ga alama.

Na mayar da shi assertEqual, mai kwatanta biyun. OK dai! A nan har Oga ya sauko da idonsa daga silin. Ashe wancan da ya bar mu ya tafi Kanada ya naɗe duk gwajin kwasa cikin try, ƙarƙashinsa except Exception, sai pass, wato in an samu kuskure a yi shiru a wuce, ni kuma a kan nasa na ɗora. A Python AssertionError ɗan gidan Exception ne, don haka gwajin yana faɗuwa ana haɗiye kukansa. A Java kuwa daga Error ya fito, catch na Exception ba ya kama shi. Na yi wannan bayanin sau biyu, ba wanda ya rubuta, har mai littafin.

Muka goge try ɗin, F, alamar faɗuwa, ta fito ƙatuwa, da AssertionError da lambobin nan arba'in a gefe guda, 50000 a ɗaya gefen. Hajiya ta tafa. Wai yanzu ta ga kwamfutar ta fara faɗin gaskiya. Gyaran kansa int ne kawai, mai mayar da rubutu lamba, haruffa uku.

Da za su tafi Hajiya ta ba yarinyar kuɗin mota har Kubwa. Akanta ya tsaya a ƙofa ya ce min, “Injiniya, takardar intanet ɗin nan, ka sake turo min, kamar lissafin bai yi daidai ba.” Ni na biya na wannan watan daga aljihuna.