Waƙar Wani Ba Tsintuwa Ba Ce

Mawaƙi ya saki sabuwar waƙa da hantsi a YouTube da Audiomack, kafin azahar ta bayyana a shafukan samarinmu barkatai, kowa ya manna mata maɓallin saukewa kyauta. Abin da ya fi ƙona rai, an cusa muryar wani yaro yana kiran sunan shafinsa daidai kan amshi, an cire hoton mai waƙa an sa tambarin shafi. Haba ƙannena! Mutum ya kwana a sutudiyo, ya biya mai kiɗa, ya biya 'yan amshi, ya sayi man janareta, kai ka zo ka buga sunanka a kai. Kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi.

Kuma in an yi magana sai ka ce talla kake masa. Wa ya aike ka? Duk wanda ya sauke ta a wurinka ba zai koma inda ake biyan mawaƙin kuɗin sauraro ba, kuɗin tallan shafi kuwa aljihunka suke shiga. Wasu har tallan caca da hotunan 'yan mata suke jerawa a gefe don jan mutane, ko kunya babu. Rubuta "ba ni na mallaki waƙar nan ba" a ƙasa ba ya wanke ka, ikirari ka yi da bakinka.

Kowace waƙa haƙƙi biyu gare ta. Akwai na wanda ya tsara baiti da kari, akwai na wanda ya mallaki sautin da aka naɗa, wanda a waƙoƙin fim sau da yawa furodusa ne ya saya. To ko mawaƙin ya ce maka "ɗora kawai" a waya, mai yiwuwa ba shi da ikon. Dokar Haƙƙin Mallaka ta Najeriya ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare baiti da kari har shekara 70 bayan rasuwar mai su, sautin da aka naɗa kuwa shekara 50 daga fitarsa. Masu cewa mawaƙi ya rasu, waƙarsa ta zama ta kowa, ku sani magada na nan.

Yadda asiri ke tonuwa ba wuya. Mai haƙƙi ya aika takardar ƙorafi ga kamfanin da ke riƙe da shafinka. In a Amurka yake, dokar haƙƙin mallaka ta can (DMCA) ta 1998 za ta sa ya sauke fayil ɗin, in abin ya yi ta maimaituwa ya rufe asusun gaba ɗaya. Google na cire adireshin daga sakamakon bincike, tsarin tallansa na AdSense na iya dakatar da tallan shafinka. A gida, hukumar kare haƙƙin mallaka ta Najeriya (NCC) na da ikon toshe shafi. Wahalar shekaru ta tafi a dare ɗaya. Rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya.

Alhali hanyar halal a buɗe take. Ka ɗauko lambar saƙawa (embed, wadda ke nuna waƙar a shafinka ba tare da ka kwafe ta ba) daga tashar mawaƙin ta ainihi, a saurara a shafinka, lissafin ya koma gare shi. In saukewa kake so, nemi izini a rubuce: sunan waƙa, tsawon lokaci, da ko an yarda ka ci kuɗi da ita. Ƙungiyar MCSN, mai karɓar wa mawaƙa kuɗin haƙƙinsu a Najeriya, ma tana bayar da lasisi. Amma ko da izini a hannu, wa ya ce ka cusa muryarka a ciki? Ɓata aikin mutum wani laifin ne daban.

Da can, mahaifi kan tasa ɗansa gaba ya mayar da mangwaro ɗaya da ya tsinko a gonar maƙwabci, sai an ce an yafe hankali zai kwanta. Kalmar "haƙƙi" kaɗai ta isa ta sa dattijo ya yi shiru ya sunkuyar da kai. Yau yaro ya tara waƙoƙin mutane ɗaruruwa a shafinsa, ya sa sunansa a kowace, ana kiransa shugaban kamfani, abokai na taya shi murna.