Isnadin Takardar Malam

Ina koyar da Turanci a wata makarantar yamma a Agege, kuma abu ɗaya ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. In na ba da aikin gida, sai yara ashirin su kawo mini rubutu iri ɗaya sak, har inda aka manta waƙafi. Na ce bari in yi maganinsu. Na zaɓi 23 ga Afrilu, ranar littafi da haƙƙin mallaka ta duniya, na sha babbar riga na shiga aji.

Na fara da doka. Na ce a 2023 aka sa wa sabuwar dokar haƙƙin mallaka ta Najeriya hannu, kuma haƙƙin marubuci kan littafinsa yana nan har shekara 70 bayan rasuwarsa. Suka fara hamma. Sai na bi ta inda suka sani: a Islamiyya wa ya taɓa karɓar hadisi ba isnadi? To haka boko yake. In ka ɗauko maganar wani, ka faɗi sunansa, da littafin, da shekara, da shafi. Nan take aji ya farka, ni kuma kaina ya kumbura.

Sai na raba musu takardar bayani. Gaskiyar magana, daren jiya an ɗauke wuta, cajin wayata na dab da ƙarewa, na kwaso bayanin daga intanet na tura wa yaron shagon hoto ba tare da na duba ba.

Wata yarinya a layin gaba ta ɗaga hannu.

"Malam, isnadin wannan takardar fa?"

Na gyara hula na ce, "Daga kaina."

"To Malam, yaushe ka je Kanada? Nan an ce ɗalibanka ba su zo ba saboda dusar ƙanƙara."

A Agege! Gumi ya karyo mini har cikin singileti. Don in kawar da zance na zaro littafin nahawuna, zan nuna musu shafin da ake buga alamar haƙƙin mallaka. Na manta a goslo na saye shi, ta tagar danfo wajen Oshodi, kan kuɗin da bai kai na kwanon shinkafa ba. Shafin a kife yake, hoton marubucin kuwa kamar an shafa gawayi.

Wani ɗan baya ya ce, "Malam, naka ma babi na bakwai sau biyu ne?"

Allah Ya taimake ni aka kira magariba.

Mako na zagayowa suka kawo aiki, kowa da madogara a ƙasa, ba ni da abin cewa. Ta yarinyar nan na karanta a ƙarshe: "Na ji daga Malam, shi ya karɓo daga intanet, ita kuma daga wani Bature. Allahu a'alamu."